Tsohon Ido, Sabon Faifai: Nasiha ga Masu Koyon Gyaran Kwamfuta

Ƙannena masu koyon gyaran kwamfuta, maza da mata, akwai wani hukunci da yake saurin fita daga bakinku, kuma yana damuna ƙwarai. A kawo muku tsohuwar kwamfuta a ce ku ɗora mata babbar manhaja. Ku zura faifai, na'urar ta yi ƙugi, fitilarta ta yi ta ƙiftawa, sannan ta yi shiru. Ku sake zurawa, ta sake yin shiru. Sai ku juya ku ce wa mai ita, "Alhaji, wannan ta gama yayi, sai dai a nemi wata." Alhali sau da yawa lafiyarta lau. An dai haɗa abubuwa biyu ne da ba zamaninsu ɗaya ba: faifan na bana, na'urar da za ta karanta shi kuwa an ƙera ta tun kafin a haifi wasunku. Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Ni ba zan yi muku rowar abin da na sani ba, ku kuma kada ku yi ƙiwuyar bincike.

Kada wani ya ce ai zamanin faifai ya wuce. Ya wuce a shagunan Turai da Amurka, amma kwamfutocin da suka ajiye su ne ake lodowa a kwantena zuwa Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su iso titin Beirut a Kano, daga nan su bazu makarantu da shagunan buga takardu da ƙananan asibitoci. Ga wanda ya saya, wannan tsohuwar ita ce jarinsa. Wasu ma an haɗa su da injin surfani, ko injin yankan sitika, ko wata na'urar gwaji, waɗanda manhajarsu ba ta san kowa ba sai Windows XP. Idan kuka yanke wa irin wannan kwamfuta hukuncin mutuwa a banza, injin da ya ninka ta kuɗi kuka tsayar, tare da abincin gidan mutum.

Kafin komai, ku durƙusa ku karanta goshin na'urar faifan, wadda a shago ake kira sidirom ko da ta DVD ce. Tambarin da ke jikin murfinta yana faɗin abin da ta iya. Akwai mai karanta CD kawai. Akwai mai karantawa da naɗar CD. Akwai wadda take karanta DVD amma CD kaɗai take naɗa, ita ce ake ce wa kombo. Akwai kuma mai yin duka. Wadda ba ta da tambarin DVD ba za ta taɓa karanta DVD ba, ko da kun wanke idonta da ruwan zinare, kuma dalilin yana cikin hasken da take aiki da shi. CD ana karanta shi da hasken leza mai tsawon zango nanomita 780, DVD kuwa da jan haske mai nanomita 650. Layukan rubutun CD suna da tazarar maikuromita 1.6 a tsakaninsu, na DVD kuwa 0.74, wato ƙasa da rabi. Hasken CD ya yi wa waɗannan layuka kauri. Wannan matsewar ce ta sa faifai mai faɗi ɗaya yake ɗaukar megabayit 700 idan CD ne, ya ɗauki gigabayit 4.7 idan DVD ne.

Manyan manhajoji kuwa sun yi ta ƙiba har suka fi ƙarfin CD. Windows XP da ta fito a 2001 a CD guda take. Vista ta 2007 da Windows 7 ta 2009 a DVD suka zo. Ubuntu, wadda kamfanin Canonical ya riƙa aika faifanta kyauta ta gidan waya zuwa ƙasashen duniya har zuwa 2011, ta daina shiga CD daga fitowar 12.10 a 2012. Windows 10 ta ƙarshe-ƙarshe, mai bit 64, idan aka sauke ta kai tsaye, ta wuce abin da DVD na yau da kullum yake ɗauka, sai an nemi mai hawa biyu, wanda yake cin gigabayit 8.5. To ku duba: kwamfutar da ta fito da XP a kanta, mai na'urar CD, an ba ta faifan Windows 7. Me ake so ta yi ban da shiru?

Wannan mai sauƙi ne, kowa ya gani sau ɗaya ya gane. Mai wuyar shi ne a ce tambarin ya dace, faifan ma lafiyayye, ya yi aiki jiya a wata kwamfutar, amma nan ya ƙi. A nan nake so ku tsaya ku natsu, domin a nan ne masu gyara suke bambanta.

Faifan da ya fito daga masana'anta, mai ruwan azurfa, buga shi aka yi da maɗabba'i. Akwai ƙananan ramuka na gaske a jikin robar, an shafe su da siririn gorar ruwa, kuma yana mayar da aƙalla kashi 70 cikin 100 na hasken da aka haska masa. Faifan CD-R, wanda kuke sayowa fanko ku yi masa bonin, ba shi da ramuka ko ɗaya. Wani rini ne aka shimfiɗa a cikinsa, zafin leza yana ƙona shi ɗigo-ɗigo, ɗigon ya tsaya a matsayin rami. Yana mayar da haske kusa da na masana'anta, shi ya sa yawancin tsofaffin na'urori suke karɓarsa. Shi kuwa CD-RW, wanda ake gogewa a sake rubutawa, wani gamin ƙarafa ne a cikinsa da yake sauya kama idan ya ji zafi, kuma hasken da yake mayarwa bai wuce kashi 15 zuwa 25 ba. A wurin tsohuwar na'ura, faifan masana'anta kamar sabon rubutun tawada ne a kan allo, CD-RW kuwa kamar inuwar rubutun da ta rage bayan an wanke allon: mai kaifin ido zai iya hararowa, dattijo kuwa zai ce ba a rubuta komai ba. CD-RW ya shigo kasuwa a 1997, kuma a shekarar ce aka fito da ƙa'idar MultiRead domin na'urori su riƙa ƙara ƙarfin ganinsu idan suka gamu da faifai mai dushi-dushi. Na'urar da ta girmi wannan ƙa'ida, kada ku wahalar da kanku da CD-RW a kanta.

Akwai kuma wani abin da yake rikita mai koyo. Rinin da ke cikin CD-R an yi shi ne domin hasken nanomita 780. Jan hasken DVD ba ya dawowa da kyau daga jikinsa. Saboda haka wasu na'urorin DVD na farkon fari, na wajen 1997, sukan karanta CD na masana'anta amma su makance a gaban CD-R. Maganin da masu ƙira suka yi shi ne sanya leza biyu a na'ura ɗaya, ɗaya ta CD, ɗaya ta DVD. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi yake bayyana abin da za ku yi ta gani a shago: na'ura tana karanta CD sumul, amma ta ƙi DVD, ko kuma akasin haka. Leza ɗaya ce ta gaji, 'yar uwarta tana nan da ƙarfinta. Mai gyaran da ya gwada faifai iri ɗaya kawai ya ce na'urar lafiya lau, ko ya ce ta mutu, rabin gwaji ya yi.

A ɓangaren DVD kuma rigimar kamfanoni ce ta bar mana gado. Kamfanin Pioneer ya fito da DVD-R a 1997, sannan wani gungu da ya haɗa da Philips da Sony da HP ya fito da DVD+R a 2002. Wannan 'yar alamar ragi ko tarawa da ke jikin kwalin, wadda mai sayarwa zai ce muku duk ɗaya ne, a wurin tsohuwar na'ura ba ɗaya ba ne. Wadda aka ƙera kafin DVD+R ya bayyana tana iya duba wurin da faifan yake bayyana jinsinsa, ta ga sunan da ba ta sani ba, ta ƙi shi, ko da idonta yana iya ganin rubutun. Wasu na'urorin naɗa suna ba da damar a sauya wannan shaida, faifan DVD+R ya gabatar da kansa a matsayin DVD-ROM, kuma manhajar ImgBurn tana da wurin yin haka idan na'urar ta yarda. Dabara ce mai kyau, amma shawarata ita ce ku rage wa kanku wahala: tsohuwar na'ura, ku fara mata da DVD-R. Mai hawa biyu kuwa, wanda na naɗawarsa ya fito a 2004, shi ne ya fi kowa fitina. Dole haske ya ratsa hawa na farko kafin ya kai na biyu, abin da yake dawowa kaɗan ne, kuma a daidai inda ido zai tsallaka daga wannan hawa zuwa wancan ne gajiyayyar na'ura take tuntuɓe. A ganina, idan babbar manhaja ta kai girman da sai mai hawa biyu, kwamfutar da za ta iya ɗaukarta ta iya tashi daga filashi, don haka a bar faifan.

Yanzu naɗin kansa. Kuskuren da ya fi yawa a hannun sabon shiga shi ne ya ɗauki fayil ɗin ISO ya jefa a faifai kamar yadda ake jefa waƙa ko hoto. Ka buɗe faifan ka ga fayil guda zaune, kwamfuta kuwa ba za ta tashi daga kansa ba har abada. ISO hoton faifai ne gaba ɗayansa, har da ɓoyayyen sashen da ke tayar da kwamfuta, kuma sai an zaɓi naɗa shi a matsayin hoton faifai. Sannan a rufe faifan, kada a bar ƙofar ƙara wani abu daga baya, domin tsofaffin na'urori da yawa ba sa gane faifan da aka bari a buɗe.

Maganar gudu tana da ɗan zare. Za ku ji manya suna cewa a naɗa a hankali, kuma gaskiyarsu ce: ɗigon da aka ƙona cikin natsuwa ya fi fita tsaf, tsohon ido ya fi ganinsa. Sai dai faifan da aka ƙera domin gudun 52 ba lallai ya yi kyau a gudun 1 ko 2 ba, rininsa ba a yi shi don haka ba. Tsaka-tsaki ya fi: wajen 8 zuwa 16 a CD, 4 zuwa 8 a DVD. Kowane fankon faifai yana ɗauke da lambar masana'antarsa, kuma na'urar naɗa tana da jeri a ƙwaƙwalwarta na irin zafin da ya dace da kowace lamba. Tsohuwar na'urar da ba ta san sabon faifai ba, kintace take yi. Saboda haka ku naɗa a na'ura mafi sabunta da lafiya da kuke da ita, ku kai wa tsohuwar ta karanta kawai. Fankon ma a sayi mai kyau. Tun da kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda aka fi yabon faifansa, ya daina yi a 2015, kasuwar ta ragu, kuma na araha marasa suna sun yi yawa. Ku ɗaga faifai ku kalli fitila ta cikinsa; idan kuna hango ƙananan huji-huji a shafensa, ba na ɗora babbar manhaja ba ne.

Akwai abin da zai yi muku amfani har ku tsufa a sana'ar nan: faifai daga tsakiya ake fara rubuta shi, a yi ta kewayawa zuwa baki. Bakin kuwa shi ne inda yatsu suke taɓawa, inda ƙarzuwa ta fi yawa, inda faifan ya fi rawa idan yana juyawa, inda rinin faifan araha ya fi rashin daidaito. Shi ya sa za ku ga aiki ya fara lafiya, ya yi nisa, sannan ya tsaya ya ce ya kasa kwafe wani fayil. Idan kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, ku zargi faifan. Lambar 0x80070017 da Windows take nunawa tana nufin abin da aka karanto bai dace da abin da aka rubuta ba. Idan kuwa yau ya tsaya a wannan fayil, gobe a wancan, faifan ma an gwada shi a wani wuri ya yi, to ku juya kan ram. Ram mai ciwo yana lalata fayil a hanya, manhajar kuma ta ɗora wa faifai laifi. Manhajar Memtest86+ ƙarama ce, tana shiga CD, ku bar ta ta zagaya ram ɗin kafin ku ɓarnatar da faifai na uku. Kuma duk wannan bincike zai ragu idan kun yi abu biyu tun farko: ku gwada lambar tantancewa ta SHA-256 ta fayil ɗin da kuka sauke da wadda masu manhajar suka wallafa, domin intanet mai yankewa takan bar fayil da giɓi, sannan ku bar manhajar naɗa ta sake karanta faifan bayan ta gama. 'Yan mintoci ne, amma su ne aka fi tsallakewa don gaggawa.

Wajen riƙon faifai, ku sani CD ta bayansa ya fi rauni, wato gefen da ake rubutu. Shafen da ke ɗauke da bayanan yana nan ƙarƙashin siririn fenti, ƙarzuwa ɗaya da biro ta isa ta kashe shi. DVD ya fi samun kariya, domin bayanansa suna tsakiyar roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowace. A goge daga tsakiya zuwa baki da ƙyalle mai laushi, ba a kewaye ba. Kada a bar shi a rana ko a cikin mota, zafi da haske suna cinye rinin.

Ita na'urar, ciwonta sananne ne. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan idon, ku buɗe ku shafa a hankali da auduga a tsinke da ɗan sifirit, wuta a cire, kuma kada ku taɓa leƙa idon yana kunne, domin hasken CD ba a ganinsa amma yana yi wa ido illa. Idan tiren ya ƙi fitowa, yawanci 'yar robar bel ce ta saki, kuma akwai ɗan rami a goshi da ake zura waya a turo shi. Masu faffaɗar igiya ta IDE mai fil 40 suna da ɗan makulli a baya da yake nuna wace ce ta farko, wace ce ta biyu a kan igiyar. Idan na'ura biyu suka yi iƙirarin matsayi ɗaya, kwamfuta tana iya rasa duka biyun. Akwai masu murɗa ɗan sukurun da ke ƙara wa leza wuta. Ban ba ku shawarar haka ba a kan kayan mutane: ta yi aiki mako guda, ta ƙone a hannun mai ita. Tsohuwar na'ura mai lafiya ba ta da tsada a wurin masu kayan hannu, ku ajiye guda ta IDE da guda ta SATA a shago domin gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, a ce ido ya ga faifan. Kun shiga tsohuwar Windows ɗin da ke kai, kun buɗe faifan, ga fayiloli reras, amma kwamfuta ta ƙi tashi daga kansa. Yanzu magana ta bar hannun na'urar faifai, ta koma hannun BIOS, ƙaramar manhajar da ke zaune a madabod wadda take fara farkawa. Ku fara duba jerin wanda za a fara tashi daga kansa. Idan kun gyara jerin, kun kashe kun kunna ya koma yadda yake, agogo ma ya koma wata tsohuwar shekara, batirin CR2032 ne ya mutu, ku canza shi kafin ku ci gaba.

Tashi daga faifai yana da ƙa'idarsa, El Torito, wadda kamfanonin Phoenix da IBM suka fitar a 1995. Kwamfutar da ta girmi wannan shekara ba ta san ana tashi daga CD ba sam, sai ta fulofi, kuma shi ya sa har XP tana da jerin fulofi shida na fara aiki. Ƙa'idar ta ba da hanya uku: faifan ya yi shigar fulofi, ko ya yi shigar rumbun kwamfuta, ko ya zo a yadda yake ba tare da shiga ba. BIOS na ƙarshen shekarun 1990 da yawa hanyar farko kawai suka iya da kyau. Faifan Windows 98 mai tayar da kwamfuta ta hanyar farko yake bi, na Windows 2000 da XP kuwa ta uku. Ga dalilin da kwamfuta ɗaya za ta karɓi wannan ta ƙi wancan, na'ura ɗaya, rana ɗaya. Ko a cikin masu bin hanya ta uku akwai saɓani: wasu madabod na zamanin XP, idan aka ba su DVD na Windows 7, sai su rubuta cewa ba za su iya tashi daga faifan ba, su ba da lamba 5. Faifan lafiya, na'urar lafiya, BIOS ɗin ne bai jitu da sabon sashen tayarwa ba. Wani lokaci sabunta BIOS yana warware matsalar, amma aiki ne mai haɗari a inda wuta take ɗaukewa ba sallama, domin idan ta ɗauke a tsakiya madabod ya tafi. Kada ku yi shi sai da batirin ajiyar wuta a jone, kuma da sanin mai kaya.

Hanyar da ta fi aminci ita ce ku sa ɗan tsani. Akwai ƙananan manhajoji da aikinsu kawai su tashi da kansu, sannan su miƙa ragama ga abin da BIOS ya kasa tayarwa. Smart Boot Manager tana tashi daga fulofi ta tayar da CD. Plop tana tashi daga CD ta tayar da filashi a kwamfutar da ba ta san tashi daga filashi ba. Wannan ta biyun ina ganin ya kamata kowane shago ya mallake ta a CD-R mai kyau, domin da ita na'urar CD zalla take buɗe ƙofa ga manhajar da ta fi ƙarfin CD. Ku dai yi haƙuri da jinkiri idan ramin filashin na USB 1.1 ne, wanda gudunsa megabit 12 ne a daƙiƙa, na USB 2.0 kuwa 480. Idan kuma da manhajar Rufus kuka shirya filashin, ku zaɓi tsarin MBR na BIOS. Wanda aka shirya da GPT domin UEFI, tsohuwar kwamfuta ba za ta ko kalle shi ba.

Akwai saƙonni biyu da suke sa mai koyo ya zargi faifai a banza. XP ta girmi yaɗuwar SATA, don haka a kwamfutar da ta ɗan sabunta sai ta ce ba ta ga rumbu ba, ko ta kawo shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Ku shiga BIOS ku mayar da SATA daga AHCI zuwa IDE, ko ku ba ta direban ta maɓallin F6, wanda fulofi kawai yake karɓa. Windows 7 kuma takan ce ta rasa direban na'urar faifai. Mafi yawan lokuta ba direba ba ne: ko naɗin ya lalace, ko an soka filashin a shuɗin ramin USB 3.0, wanda ba ta zo da direbansa ba. A mayar da shi baƙin rami.

Saura tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ita ce ta shafi amana. Ko da faifan ya karantu, kwamfutar za ta iya ɗaukar abin da ke cikinsa? Furosesa mai bit 32 ba za ta tayar da manhaja mai bit 64 ba. Windows 7 tana son ram gigabayit 1 a ƙalla, mai bit 64 kuma 2. Daga Windows 8 zuwa sama sai furosesa tana da PAE da NX da SSE2, abin da ya fitar da tsofaffi da yawa daga layi. Windows 11 ta 2021 tana neman UEFI da TPM 2.0 da ram gigabayit 4. Na ga masu gyara suna cusa Windows 10 a kwamfuta mai ram gigabayit 1 saboda kwastoma ya ce yana son ta zamani, a karɓi kuɗi, mutum ya koma gida yana jiran minti goma kafin takarda ta buɗe. Wannan ba gwaninta ba ce. Ku zaunar da shi ku gaya masa abin da kayansa za su iya. Ku kuma gaya masa cewa Microsoft ta daina toshe ƙofofin ɓarayi a XP tun 8 ga Afrilun 2014, a Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, kuma tallafin Windows 10 na gama-gari ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025. Wanda zai shiga asusun banki ko ya ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta mai hawa intanet yana da haƙƙin ya san wannan kafin ya zaɓa.

Ga irin wannan mutum Linux mafita ce ta gaske, kuma ina mamakin yadda yaran shago suke gudunta. Akwai marasa nauyi da aka yi domin tsofaffin kwamfutoci, irin su antiX da Puppy, kuma ƙaramin faifan Debian 12 na ɗorawa ta intanet yana shiga CD. Sai dai nan ma ƙofa tana ƙara tsukewa: Ubuntu ta daina fitar da faifan tebur mai bit 32 daga 17.10, Debian 13 ta 2025 ma ba ta da na ɗorawa mai bit 32. Saboda haka abin da kuka samu yau na tsofaffin kaya, daga tushe mai aminci, ku adana shi tare da lambar tantancewarsa. Ina cewa tushe mai aminci ne saboda faifan Windows da ake sayarwa a tire a bakin titi, wanda wani ya yi wa kwaskwarima ya cusa masa manhajoji iri-iri, ba ku san abin da aka ɓoye a cikinsa ba, kuma da hannunku za ku shigar da shi kwamfutar mutum. Kwamfutocin hannu da yawa suna zuwa da sitikar lasisinsu a jiki, ku duba ta, sau tari ita ce take nuna ainihin manhajar da ta dace da injin. Kuma kafin ku goge komai, ku tambayi mai ita abin da ke ciki, ku kwafe masa. Kada ku ɗauka ya san fomatin yana share hotunan 'ya'yansa da lissafin shagonsa. Da yawa ba su sani ba.

Ita kuwa kwamfutar da ke jan injin surfani ko na'urar gwaji, wadda dole ta zauna a kan XP, ku bar ta a kai, ku raba ta da intanet, ku hana a riƙa soka mata kowane filashi. Idan mai ita yana da faifan asali na manhajar injin, ku ɗauki hotonsa tun yana karantuwa, ku ajiye kwafi a rumbu, ku naɗa wani a CD-R, ku gwada shi a na'urar kwamfutar kanta a gabansa kafin ku ba shi. Sannan ku sami 'yar takarda ku rubuta irin faifan da na'urar ta karɓa da wanda ta ƙi, da yadda kuka saita SATA, da jerin tashi, da ranar da kuka canza batiri, ku manna ta a cikin murfin akwatin, nesa da fanka.